Kwarin da Na Cike a Filin Golf na Yanbu

Aƙiƙ, Madina
Asabar, bayan la'asar

Zuwa ga ɗana Haruna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa ka sauka Yanbu lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin baƙunta, Ya haɗa ka da shugabanni masu tausayi. Mahaifiyarka tana gaishe ka. Ta ce ka juye yajin nan a kwalba, iskar teku tana dunƙule shi in yana cikin leda. Labarin gida ke nan, na gama shi. Sauran takardar tawa ce.

Da gangan na rubuta da Hausa. Na san in na ce maka ina kwana, da Larabci kake amsa mini, kuma karatun nan zai ci maka yini. Ka yi haƙuri. Larabcina na ciniki ne, da shi nake sa alhaji ya sayi kilo uku na dabino alhali ɗaya ya zo nema. Ban san yadda ake jin kunya da shi ba.

Ran Laraba ka shimfiɗa mana taswira a kan tabarma, ka danne gefenta da kofin shayi, kana nuna mana aikin da kamfaninku ya samu: tsohon filin golf na ma'aikatan matatar mai, za ku mai da shi na ciyawa, kai ne mai kula da bututun ban ruwa. Ka sa yatsa a rami na huɗu ka ce akwai wani busasshen kwari a nan, za a cike shi a daidaita wurin. Na ce masha Allah. Mahaifiyarka ta ce ai babanku ya yi aiki a Yanbu, ka ce ka sani, a kamfanin mai. Na sake cewa masha Allah, na tashi na ce zan leƙa shago.

Haruna, kada ku cike kwarin nan. Na san dalili, domin ni na taɓa cike shi. Kafin in kai ka can, dole in fara warware ƙaryar farko.

Ban taɓa aiki a matatar mai ba. Ko ƙofarta ban taɓa shiga ba. Shekara shida na yi a filin golf ɗin nan da ka shimfiɗa a gabana, ina sharar yashi. Lokacin da na bar Kantin Kwari na zo ƙasar nan, na yi tallan agogo da zobe a bakin Harami har aka fara kamen marasa iƙama, wato takardar izinin zama. Wani dattijo Bahaushen Sudan, Baba Adamu, ya zo ziyara daga Yanbu, muka haɗu a wajen mai shayi. Ya ji ina ciniki da wani ɗan Pakistan da guntun Turancin da na tsinta kafin in bar makaranta a aji biyu na sakandare. Ya ce, ɗan Kano, bakinka zai yi mana amfani. Shi ne shugaban leburorin filin. Shi ya tsaya mini har aka yi mini iƙama, a ɗakinsa na kwana wata huɗu, a akushinsa na ci.

Amma in na zo Madina ƙarshen wata, sai in tsaya a tasha in sauya kaya, in soka biro biyu a aljihun gaba. Dangin mahaifiyarka suka fara ce mini Injiniya, ban hana ba. Kai ma kana aji uku ka gaya wa malaminku babanka injiniya ne, ka dawo kana ba ni labari da murna, na shafa kanka. Aikin halal ne, da shi aka saya maka madara, amma na ɓoye shi kamar sata. Nasihata a nan gajera ce. Kai yanzu injiniya ne na gaske, da takarda. Duk da haka in aka tambaye ka me kake yi, ka ce kana shayar da ciyawa. Wanda ya saba ƙara wa aikinsa gishiri, wata rana sai ya ƙara wa abin da ya fi aiki.

Bari in gaya maka yadda filin yake, domin takardarku ta nuna layuka ne kawai. Ni ban tarar da wanda ya tsara shi ba, Baba Adamu ne ya ba ni tarihin. Wani Baturen Sikotlan ne, mai auna ƙasa, cikin Turawan farko da suka zo gina matatar. Leburori suna ce masa Mai Igiya, don kullum da igiyar awo a kafaɗarsa. A ƙasarsu, in ji shi, ba a gina filin golf, nemo shi ake yi a cikin ƙasar da Allah Ya riga Ya shimfiɗa. Sai da ya yi hunturu guda yana zagaya wurin da ƙafa, Baba Adamu na biye da shi da turaku, bai kafa ko ɗaya ba. In ya ga Badawi mai raƙuma sai ya tsai da shi, ya ba shi shayi, ya sa a tambaye shi: in an yi ruwa a kan duwatsu, ta ina yake bi ya je teku? Sai da mutum uku suka nuna masa wuri ɗaya sannan ya kafa turken farko.

Rami tara ya yi. Ukun farko iskar teku tana bayanka, ƙwallo na tafiya, kana jin kai gwani ne. Na ƙarshe kuwa iskar a fuskarka take, ta karɓe girman kan da ta ba ka. Bai sare itacen samur ko ɗaya ba, ya bar su su zama ƙaya a hanya. Ciyawa babu ko ɗaya. Kowane ɗan wasa yana yawo da ɗan guntun tabarmar ciyawar roba, ya ɗora ƙwallo a kai ya buga. Inda ramin yake kuma, da'ira ce ta lallausan yashi da aka tankaɗe aka cuɗa da baƙin man inji don kada iska ta kwashe shi. Mu faifai muke ce masa. Aikina shi ne faifan nan. Ina da bututun ƙarfe mai mariƙi da muke kira magogi, in ƙwallon mutum ya hau faifai sai in ja masa hanya sumul daga ƙwallon zuwa rami, in sun wuce in share sawunsu.

Ƙungiya ce ta 'ya'yanta kawai. Ko kai wane ne, sai mutum biyu na ciki sun tsaya maka, kwamiti ya zauna a kanka. Kowace shekara suna zaɓen shugaba, suna ce masa Kyaftin, a rubuta sunansa da ruwan zinariya a wani allon katako a ɗakin hutawarsu. Kusa da allon akwai zanen filin da Mai Igiya ya yi da hannunsa, a cikin gilashi. Mu ta ƙofar baya muke shiga, in an kira mu. Abin da ya fi ba ni dariya a farko shi ne wasan ba shi da alƙali. Kowa shi ke ƙirga bugunsa, in ya yi kuskure a bayan dutse inda ba mai ganinsa, shi zai fito ya faɗa a ƙara masa. Na ce a raina, waɗannan da a Kwari suke da ba su kai azahar da jari ba.

To, ɗan kasuwa ba ya zama wuri bai ga ƙofa ba. Na gano in na ɗan danna magogi ta gefe guda, yana barin wata 'yar kwarya a yashin wadda ido ba ya gani, ƙwallo kuwa ya bi ta kamar akuya ta ga gida. Wanda ke gaishe ni, ko yake tuna ni da kwalin sigari in sayar, sai in danna masa. Mai ɗaure fuska in ja masa hanyar Allah da Annabi. Su ba su sani ba, sai dai a ce wane hannunsa na da kyau a faifan Sabo.

Akwai Bahaushe ɗaya tak a ƙungiyar, Injiniya Bello, mutumin Zariya. Wata Alhamis na ce bari in yi wa ɗan'uwa alheri, na danna masa sosai. Ya durƙusa ya duba hanyar, ya daɗe, ya miƙe. Bai ɗaga murya ba, da Hausa ya yi maganar don kada Turawan su ji.

"Malam Sabo, sake share mini."

Na ce ranka ya daɗe ai ta yi kyau.

"Ta yi kyau da yawa. In na ci da wannan, kai ka ci, ni kuma na zo rana a banza. Kuma in suka gane, ba za su ce Sabo ba, cewa za su yi Hausawa."

Na share. Ya buga, ya kuskure, ya yi dariya ya wuce. Bai kai ƙarata ba, kuma bai fasa gaishe ni ba, wannan ya fi mari zafi. Na daina yi masa. Ka lura da abin da na ce: shi na daina yi wa. Haruna, za a ba ka famfo a hannu, kai za ka san wane yanki ya sha ruwa wane bai sha ba, wane ɗan kwangila ya sa bututu mai kyau wane ya sa na banza. Alfarmar da ba za ka iya yin ta a gaban kowa ba, ba alfarma ba ce. Kuma in Allah Ya haɗa ka da mai gaya maka gaskiya a asirce, ka gyara gaba ɗaya, kada ka gyara ta gefensa kawai kamar ubanka.

Yanzu kwarin. Yana ratsa rami na huɗu a tsakiya, zurfinsa ya kai ƙirjin mutum, cike da duwatsu. Mai Igiya ya sa shi daidai inda ƙwallon mai haɗama zai faɗa. In ka yi haƙuri ka buga gajere, ka tsallake a bugu na biyu. In ka ce sai ka haye da ɗaya, to ka shiga duwatsu. A shekara ta biyar da zuwana aka zaɓi wani Kyaftin, babba ne a matatar, muna ce masa Jan Wuya. Mutum ne da bai iya buga gajere ba. Duk Alhamis sai ya bar ƙwallo biyu uku a kwarin, ya fito yana zagin duwatsu.

Baba Adamu ya tafi hutu Sudan, wata biyu, aurar da 'yarsa. Ya bar mini makullan sito. Ni kuwa na daɗe ina kallon kujerarsa, ina cewa tsoho ne, ba ya jin Turanci, ni nake yi masa baki, don me zai fi ni albashi? Wata safiya Jan Wuya ya fito daga kwarin da ƙura har gira, na matsa na ce masa, Oga, wannan ramin ba shi da amfani, shekarata biyar a nan ban ga ɗigon ruwa a cikinsa ba, in ka ba ni mota da lebura shida, kafin Alhamis biyu ka buga a kan shimfiɗa. Shekara biyar ɗin gaskiya ce. Amma na san abin da Badawin nan uku suka faɗa, Baba Adamu ya ba ni labarin ya fi sau goma. Na sayar wa mutumin da abin da yake son ji, irin yadda nake sayar da agogo.

Bai kai maganar gaban kwamiti ba, ya ce in yi kawai. Muka kwaso ɓaraguzan gini muka zuba, muka bi da yashi, muka daddaɓe. Ya buga ya haye, ya daki kafaɗata a gaban mutane.

Da Baba Adamu ya dawo, bai ajiye jakarsa ba sai da ya zagaya filin, haka yake yi. Ina biye da shi ina ta zuba, ina cewa umarni ne daga sama. Ya tsaya a kan wurin, ya dubi duwatsun gabas, ya dubi ɗakin hutawa da sito da ke gangare. Ya ce, "Ɗan Kano, ruwa ba ya mantuwa. Kai ne baƙo a nan, shi ba baƙo ba ne." Ya sa na kai shi wurin Jan Wuya ya roƙa a buɗe. Na fassara rabin maganar, na sassauta sauran. Jan Wuya ya ce a bari sai bayan gasar sanyi.

Ruwan bai jira gasar ba. Wata Talata da hantsi gabas ta yi baƙi. A kanmu ko yayyafin kirki ba a yi ba, a kan duwatsu ya zuba. Muna cin abinci muka ji ƙara kamar tirela goma. Ruwa ya zo ja wur, ya iso inda hanyarsa take ya tarar na toshe, sai ya juya gangare. Ya kwashe faifai na uku da na tara, yashi da baƙin mai gaba ɗaya, ya fasa sito, ya shiga ɗakin hutawa har gwiwa. Kafin la'asar ya wuce abinsa. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba. Amma bango ya faɗi ta gefen allon, sunayen nan na zinariya suka sha baƙin mai, zanen Mai Igiya kuwa muka tsince shi a cikin laka, ya zama kamar tsumman girki.

Kwamiti ya zauna ran Alhamis. Injiniya Bello ya riga ya koma gida a lokacin, babu mai jin Hausa ko Larabci a teburin. Aka kira shugaban leburori, aka kira ni in yi tafinta. Ranar ce kaɗai na shiga ta ƙofar gaba. Jan Wuya yana zaune yana kallon farcensa. Suka tambaya wa ya ba da izinin cike kwarin. Baba Adamu ya dube ni ya ce da Hausa, a natse, gaya musu ba na ƙasar lokacin da aka yi, kuma da na dawo na roƙa a buɗe, kai ne shaida.

Na juya na ce musu da Turanci: ya ce kuskure ne, yana ba da haƙuri.

Dattijon nan ya shekara ashirin yana jin Turawa, bai iya mayarwa ba amma ya san kalmar ban haƙuri in ya ji ta. Ya ce, "Sabo, ban ce sori ba."

Suka tambaye ni me ya ƙara. Na ce yana roƙo a tausaya masa saboda iyali.

Ya sa hularsa ya fita. Da ya yi mini ihu, da ya kama wuyana, da sun gane akwai magana. Bai yi ba, kuma na san ba zai yi ba, da wannan na yi ciniki. Cikin mako biyu kafili, wanda iƙamarsa ke hannunsa, ya buga masa huruj, fita ba dawowa. Ranar tafiyarsa ya aiko ɗansa Usman, wanda ke tuƙa wayit, tankar ruwan da ke kawo mana ruwa, ya kawo mini littafin da yake rubuta awon mai da yashi na kowane faifai da ajami. Ya ce a ba wanda zai gaje shi, kada filin ya lalace. Ban je rakiya ba. Na ce cikina ke ciwo.

Aka ba ni kujerar. Aikin farko da aka sa ni shi ne in tone kwarin, na tone shi da leburorin da suka san komai, ba wanda ya sake cin abinci a akushi ɗaya da ni. Shekara ɗaya na iya. Na dawo Madina na ce muku kamfani ya rage ma'aikata, na buɗe shagon nan. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, haka ake cewa. Ni na ja, ruwan ya doki wani, kuma na zauna a inuwar har na yi tumbi. Ina salla a Masallacin Annabi sau biyar in na so, mutane daga gida suna cewa na dace. Ban taɓa tambayar ko Baba Adamu yana raye ba, domin ina tsoron kowace amsa.

Ga abin da nake so ka riƙe. In ka je wuri ka tarar da abin da ya yi kama da wauta, rami ko itace ko wata doka, kada ka taɓa sai ka nemo wanda ya san dalilin sa shi. Ka tambayi mai gadi da direba kafin ka tambayi takarda. In manajanku ya ce shekara goma ba a ga ruwa ba, ka ce masa ruwan ba ya aiki da kalandarsa. In za ku sa bututu a ƙarƙashi, kai ka san lissafinsa, ni ban sani ba, amma na ga abin da ya zo ranar nan, ba bututun da zai haɗiye shi. Kuma duk ranar da aka sa ka tsakanin mai ƙarfi da mara baki, ka isar da maganar yadda aka ba ka ita, ko da a cikinta akwai sunanka.

Na ji daga direbobin Yanbu da ke sauke alhazai a nan cewa Usman yana nan, har yanzu shi ke kai ruwa filin. Ke nan da shi za ka yi aiki kullum. Zai ji sunan mahaifinka, zai dube ka, kuma in ɗan ubansa ne ba zai ce maka komai ba. Ban so ka zauna a gaban mutum yana sane kai ba ka sani ba.

Da na fara takardar nan, niyyata in ce ka nemi Usman ka ba shi haƙuri a madadina. Har na tsara maka kalmomin, masu daɗi. Sai na ga wannan ma tafinta ce, ina neman in sa wani ya faɗi abin da bakina ya kamata ya faɗa. Ba zan aike ka ba. Na gaya wa mahaifiyarka komai da hantsin nan. Ta tambaye ni ko dattijon yana da sauran 'ya'ya ƙanana a lokacin. Yana da su, uku. Tun ɗazu tana kicin, ba ta kira ni Injiniya ba da ta kawo shayi.

Ran Alhamis mai zuwa zan rufe shago in hau motar safe. Ka tambayar mini inda Usman yake ajiye tankarsa, kada ka ce masa komai. In na gama da shi, ko ya saurare ni ko ya juya mini baya, zan zo bakin filin in nuna maka ta inda ruwan ya bi, kai da manajanka in yana so. Ba sai ka ce musu ni mahaifinka ne ba. Ka ce wani tsohon lebura ne da ya san wurin. In ka zo tasha ka tarye ni, na gode. In ba ka zo ba, na san hanya, kuma ba zan riƙe ka da komai ba.

Allah Ya tsare ka a inda kake, Ya tsare hannunka da harshenka fiye da yadda na tsare nawa, Ya sa ka gama da kowa lafiya. Ka riƙe salla, ka sa hula in za ka shiga rana.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sabo